Iskar da Muka Nema wa Baba

Shekararmu ta biyu ke nan a Landan lokacin da surukina ya zo. Muna zaune a Catford, a saman wani tsohon gida, ɗaki biyu da falo da ɗan kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. Maigidana injiniya ne a ma'aikatar ayyuka, gwamnati ta turo shi ƙaro karatu. Ni kuma nas ce, na samu gurbin kwas a wani asibiti, a ɓangaren masu ciwon ƙirji. Muna da 'ya ɗaya mai shekara huɗu, wadda ake yi wa magana da Hausa ta mayar da Turanci.

Shekarun nan ne da arzikin man fetur ya fara shigowa ƙasarmu, har ma'aikacin gwamnati irin maigidana ya iya aika wa mahaifinsa tikitin jirgi ya ce ya zo ya ga likita. Baba bai taɓa wuce Kaduna ba. Ya yi fiye da rabin rayuwarsa a gidan gurzar auduga, ya fara da ɗaukar buhu, ya ƙare yana shugaban leburori. Abin da ya baro wurin da shi, agogon hannu ne da aka ba shi ranar sallama, sai kuma wani tari da ba ya rabuwa da shi. In ya hau matakala goma sai ya tsaya ya dafa bango, ƙirjinsa yana kuka kamar zuga-zugin maƙera.

Likitan da ya duba hoton ƙirjinsa bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ɓurɓushin audugar da Baba ya shaƙa shekara da shekaru ya riga ya yi aikinsa, huhun ba zai koma sabo ba. Amma in aka kiyaye shi daga hayaƙi da ƙura da sanyi, ya riƙe maganinsa, zai iya daɗewa yana jin daɗin ransa. Ya so Baba ya zauna wata shida ana duba shi. Da maigidana ya fassara, Baba ya gyara hularsa ya ce, "To, ai bai ce gobe ba. Alhamdu lillahi."

Maganin bai ba mu wahala ba, zaman ne ya ba mu. Mutumin da ya saba da an yi sallar asuba ya fito ƙofar gida, wannan ya wuce a gaisa, wancan ya tsaya a yi zancen damina, shi ne ya koma kujera ɗaya a gaban taga tun safe har yamma. In an buɗe tagar, hayaƙin bas ya shigo. In an rufe, ɗaki ya yi nauyi. Ba mu da mota. Tashar jirgin ƙasa matakala ce, bas kuma a lokacin ana shan taba a samanta, warin yana saukowa ƙasa. Sai Baba ya fara rage abinci. Wata rana ina kicin na ji yana ce wa jikarsa, wadda yake kira amaryarsa don wasa, "Amarya, mijinki fa ya zama tsuntsun keji." Ita kuwa ba ta gane ba, ta ci gaba da jera masa 'yan tsanarta a cinya.

Ni na gane, amma ba ni da bakin magana. Tun da aka kai ni gidansu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. In na kawo masa shayi sai in durƙusa in ajiye, in gaishe shi, in tashi. A asibiti ina tsayawa kan tsofaffin Turawa in ce su tashi zaune, su yi numfashi kaza, su kuma bi. A gida kuwa ko "Baba ka sha maganinka?" sai na aika maigidana ya tambaya. Shi ma ɗin ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunansa, sai dai "kai" ko "wannan". Haka muke zagaye juna a cikin ɗan gidan nan, kowa yana kunyar kowa.

Wata Asabar da hantsi muka ji ana ta danna hon a ƙasa. Na leƙa, sai ga maigidana tsaye kusa da wata mota mai ruwan ganye da fari, yana murmushi har kunne. Ashe a tagar shagon da yake sayen jarida ya ga katin tallarta, ya je har Abbey Wood ya saye ta a hannun wasu tsofaffin mata da miji. Irin motar nan ce da Turawa ke tafiya hutu da ita su kwana a ciki. Tana da tebur da ake naɗewa ya zama gado, da ɗan murhun gas, da wurin wanke kwano, da rufin da ake ɗagawa mutum ya miƙe tsaye. Dabararsa mai kyau ce. Baba zai fita daga hayaƙin Landan ba tare da ya hau matakala ba, in ya gaji ya kwanta, in lokacin salla ya yi ya yi, abinci kuma namu ne, ba sai mun tsaya tambayar da me aka soya ba.

Baba ya sauko a hankali, ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa. Ya ce, "Wannan ai tafi-da-gidanka ce." Rabon da in ji muryarsa da haske haka tun ranar da ya sauka.

Tun da aka buɗe ƙofar na ji warin. Amma na dubi fuskar maigidana na haɗiye maganata. Muka shiga muka nufi Blackheath, wurin da ko nisa ba shi da shi. Ba mu yi minti goma ba tarin ya taso. Da farko Baba ya so ya danne shi cikin hankici, daga baya ya fi ƙarfinsa, ya kama gefen tebur, idanunsa suka firfito, leɓensa ya fara sauya launi. Na daka wa maigidana tsawa ya tsaya. Ban san lokacin da na kama hannun surukina na fito da shi ba, na zaunar da shi a bakin titi, na ɓalle masa maɓallin wuya, na sunkuyar da shi gaba, na sa masa abin shaƙarsa a baki ina ƙirga masa numfashi. Sai da ya dawo daidai sannan na ga hannuna a kafaɗarsa, na janye da sauri kamar na taɓa wuta.

Baba ya juya ya dubi motar. Ya ce, "Motar nan ta sha taba, ta yi kiwon kare, ta kuma kwana a ruwa."

A tasi muka mayar da shi gida. Maigidana ya yi kwana biyu ba ya ko kallon taga, kada ya hango motar. A rana ta uku ya dawo da wata mujalla ta masu irin waɗannan motoci, ya same ni a kicin ya buɗe mini wani shafi. Tallar wata na'ura ce ƙarama kamar rediyo, wai tana fitar da wani abu da ido ba ya gani, ya mayar da iskar ɗaki kamar ta kan dutse. Ba ta ƙara, ba a canza mata komai, ba ta cin wuta. Ya ce ita zai saya. Na ce masa a ɗakinmu na asibiti abin da na ga ana amfani da shi yana da fanka da matata, ana kuma cire matatar a ga abin da ta kama. Ya ce wancan tsohon yayi ne, wannan kimiyya ce. Na ce ƙirjin Baba ba wurin gwajin kimiyya ba ne. Duk wannan da Turanci muke yi, ƙasa-ƙasa, don kada a ji mu a falo.

Sai muka ji gyaran murya. Baba ya ce, "In kun koma Turanci kuna raɗa, na san ni ne a faifai. Kai, zo nan."

Maigidana ya je ya zauna a ƙasa ya yi masa bayani. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Hancina da ƙirjina za a saya wa abin nan, ko ba haka ba? To ku tafi da su kasuwar."

Shagon da muka je yana Old Kent Road, tsakanin wani mai sayar da tayoyi da wani mai gyaran kujeru. Kayan zango ne cike da shi, tantuna da tukwanen gas da fitilu da igiyoyi. Mai shagon wani gajeren tsoho ne mai jar fuska. Yana fitowa daga bayan kanta na ji numfashinsa, na kuma ga Baba ya ji. Suka tsaya suna kallon juna. Baba ya ce wa ɗansa, "Tambaye shi me ya shaƙa."

Maigidana yana ganin tambayar ba ta dace ba, amma ya tambaya. Tsohon ya ce garin alkama ne, ya yi ƙuruciyarsa yana sauke buhuna a tashar jiragen ruwa. Baba ya nuna nasa ƙirjin ya ce, "Auduga." Suka yi musafaha, suka daɗe ba su saki ba. Mai shagon ya jawo wa Baba kujerarsa ta kansa, ya shiga jero mana abin da yake da shi a kan kanta.

Na farko wani ɗan gwangwani ne mai ƙamshin lemo da ake maƙalawa a jikin mota. Baba ya shinshina daga nesa ya kawar da kai. Ya ce, "Wannan wanda bai yi wanka ba ne ya shafa turare." Aka ture shi gefe.

Na biyu babba ne, ya kusa akwatin talabijin. Mai shagon ya ce yana aiki sosai, amma wutar gida yake ci. Sai an je sansanin da ke da soket an tsaya kafin a kunna shi, a kan hanya kuwa kaya ne kawai. Maigidana ya auna shi da ido ya ce in aka sa shi, babu inda Baba zai miƙe ƙafa. Shi ma aka bar shi.

Na uku shi ne na cikin mujalla. Gaskiya yana da kyau, baƙi ne mai sheƙi da 'yar fitila ja. Mai shagon ya jona shi, fitilar ta kama, shiru. Maigidana ya dube ni da gefen ido. Baba ya kai tafin hannunsa gaban abin, ya kai bayansa, ya kai ƙasansa. Ya ce, "Ba ya ja, ba ya hurawa. To ina dattin yake zuwa?"

Maigidana ya fara yi masa bayanin yadda abin yake sa ƙura ta yi nauyi ta faɗo. Baba ya ɗaga hannu. "Ba kai na tambaya ba. Kai ba ka taɓa zama da shi ba. Tambayi mai kayan."

Da aka fassara wa tsohon, dariya ta kama shi har ta koma tari. Ya yafito mu zuwa ɗan ofishinsa na baya, inda yake da irinsa ɗaya a kan shiryayye. Ya ɗaga shi. A bayansa bangon ya yi baƙi, zagaye guda kamar inda aka daɗe ana ajiye fitilar aci-balbal. Ya ce can dattin yake zuwa, jikin bango da labule da duk abin da ke kusa. A babban ɗaki ba laifi, amma a mota ba shi da tabbas. Baba ya ce, "A mota ai ni ne bangon." Maigidana bai fassara wannan ba, bai kuma sake kallon baƙin akwatin ba.

Na huɗu sai da mai shagon ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya lalubo shi. Wani mummunan gwangwani ne ruwan toka, girmansa bai wuce kwanon sha ba, an yi shi ne don ƙananan jiragen ruwa da motoci, da batir yake aiki. Ya jona shi, ya kama gunji kamar ƙudan zuma a cikin tulu. 'Yarmu ta toshe kunnuwa ta ce, "Too noisy, Kaka!" Baba kuwa fuskarsa ta saki. Ya zare zare ɗaya daga bakin hankicinsa ya riƙe a gaban abin, zaren ya lanƙwasa ya manne a raga. Ya kai shi ɗaya gefen, zaren ya tashi yana rawa. Ya ce a kashe a buɗe masa cikinsa. Fanka ce ƙarama, sai wani farin abu mai kauri kamar bargo, bayansa kuma wani faifai cike da dakakken gawayi. Ya murza farin tsakanin yatsunsa ya ce, "Ba auduga ba ce, amma 'yar'uwarta ce. Wannan mai tarewa ne. Gawayin na wari ne, ko?" Mai shagon ya ce haka ne.

Daga nan Baba ya koma shugaban leburori. Bayan kwana nawa ake canza farin? Ana wanke shi ko jefarwa ake yi? In ya ƙare ina ake samun wani? In an bar shi yana aiki mota a kashe, ba zai shanye batir ba? Tsohon yana amsawa, maigidana yana juyawa. Can Baba ya ce, "To me ba ya kamawa? Duk rariya tana da abin da ke wuce ta."

Mai shagon ya daina murmushi. Ya yi magana mai tsawo yana nuna tukwanen gas. Maigidana, wanda har lokacin ransa bai gama hucewa ba, ya taƙaita ya ce, "Ya ce dai a riƙa buɗe taga."

Na ji maganar ta fito daga bakina kafin in yi shawara da kaina. Na ce, "Baba, ba haka kawai ya ce ba."

Duk suka juyo. Idona yana ƙasa, amma na ci gaba. Na ce akwai wata iska da ke fitowa daga murhun gas da bututun hayaƙin mota, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Barci take sa mutum, in ba a yi sa'a ba ba ya tashi. Wannan injin ba ya kama ta, babu ma wanda yake kama ta a cikin huɗun nan. Don haka ba a kunna murhu sai ƙofa a buɗe, ba a ɗumama mota da shi, 'yar tagar rufi kuma ba a rufe ta ruf ko ana sanyi. Na ce na taɓa ganin waɗanda aka kawo asibiti saboda ita.

Baba ya ce, "Madalla, 'yata. Daga yau ke ce tafintana. Wannan yana rage mudu."

Maigidana ya sosa ƙeya, sannan ya yi dariya. Zancen batir kuwa shi ya warware shi. Ya karɓi fensir ya zana wa mai shagon yadda zai ƙara batir na biyu a ƙarƙashin kujera, wanda zai riƙa cika in ana tafiya, injin ya ci daga gare shi in an tsaya, ba tare da ya taɓa na tayar da mota ba. Tsohon ya kalli zanen ya ce ko zai bar masa takardar. Na ga Baba ya kawar da kai yana ɓoye jin daɗinsa, don ba a yabon ɗan fari a gabansa.

Kafin mu fita mai shagon ya gaya mana abin da ya fi injin amfani. Ya ce kada mu ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. In kafet ɗin da labulen da katifar da suka sha tabar suna nan, ko injin goma muka sa aikin banza ne. Na juya wa Baba, karo na farko a sabon muƙamina. Ya ce, "Gaya masa mu ma a wurinmu sai an share ƙasa ake kunna fanka."

Asabar biyu da Lahadi biyu muka yi muna wannan shara. Muka sa wa Baba kujera a bakin titi, ta inda iska ke tahowa, ya ja rawani ya rufe hanci, yana ba da umarni da sandarsa. Da muka ɗaga kafet sai ga funfuna baƙi ƙirin, da gashin kare da ya dunƙule kamar an saƙa. A ƙarƙashinsa maigidana ya gano wani rami da tsatsa ta ci, daidai saman bututun hayaƙi. Ya daɗe a tsugune yana kallonsa, washegari ya kai wa mai walda. Muka zubar da katifa da labule. Na wanke jikin motar ciki da ruwan zafi da sabulu har sau uku, muka bar ƙofofi a buɗe ta sha rana. Wata maƙwabciyarmu 'yar Jamaika, wadda shekara guda muna gaisawa da kai kawai, ta sauko da ragowar ledar ɗakinta ta ce mu shimfiɗa a ƙasa, ta fi kafet sauƙin gogewa. Na ɗinka sababbin labule da wata atamfa da na zo da ita ban taɓa ɗinkawa ba.

Wurin kafa injin ma sai da aka yi shawara. Maigidana yana so ya ɓoye shi a cikin kabad saboda muninsa. Baba ya ce wanda aka toshe wa hanci ba ya aiki. Ya shiga motar da kansa, ya zauna inda zai riƙa zama, ya sa aka riƙa matsar da injin yana bin iskar da zarensa, har aka samu inda take fitowa ta wuce ta gaban fuskarsa ba tare da ta buge shi ba. A nan aka ɗaure shi da kusoshi huɗu.

Ba mu yi gaggawa ba. Ran farko minti biyar ya zauna a ciki, mota a tsaye, ina bakin ƙofa da abin shaƙa a aljihuna. Ran na biyu muka zagaya unguwa. Bayan mako guda ya ce a buɗe injin. Farin bargon nan ya koma ruwan toka, gefensa har da baƙi. Ya ɗora shi a tafin hannu ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Shekara nawa muna aiki babu ko irin wannan a tsakaninmu da ƙurar auduga." Ya ambaci abokan aikinsa uku da suka riga shi, ya yi musu addu'a, muka shafa. Sannan ya ce a sa sabo.

Ranar da muka yi tafiyar gaske, Lahadi ce a farkon bazararsu. Na tashi da wuri na yi dambun nama da shinkafa da wake, na cika filas biyu da shayi. Muka bi hanyar Kent muka nufi bakin teku. Ina zaune a baya, ina fuskantar Baba, tebur ne kawai a tsakaninmu, kunnena yana kan numfashinsa. Gidaje suka fara raguwa, gonaki suka buɗe. Minti goma suka wuce, ashirin suka wuce, sa'a guda ta wuce. Abin da na ji kawai gunjin injin ne da muryar Baba yana tambaya. Wancan shukar mece ce? Me ya sa ba sa yin kunya a gona? Da muka iso inda tumaki suka bazu a kan tudu sai ya ce a tsaya. Ya sauka ya dafa shinge ya ce, "Duk wannan ba makiyayi? Ba ɓarawo, ba kura?" Ya ciro wani guntun gashin tunkiya da ya maƙale a waya, ya ja shi, ya murza, ya ce gajere ne amma yana da ƙarfi, ya sa a aljihu.

Bai taɓa ganin teku ba. Muka tsaya a wani wuri mai tsakuwa, iska tana kaɗa masa riga. Na ji tsoron sanyin, na miƙa wa maigidana bargo ya yafa masa. Ya tsaya yana kallon ruwan yana zuwa yana komawa. 'Yarmu ta kama hannunsa tana jansa wai ya zo ya taɓa. Ya bi ta a hankali har bakin ruwan, ya sunkuya ya ɗiba ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Amarya, wa ya zuba wa miyar nan gishiri haka?" Wannan karon ta gane, ta yi ta ƙyalƙyala dariya.

Da azahar maigidana ya duba alƙibla da ɗan kamfas ɗinsa, suka yi salla a kan ciyawa kusa da mota, ni na yi tawa a ciki. Na zuba musu abinci a kan tebur, na ɗauki nawa kwanon zan zagaya bayan mota in ci. Baba ya ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Nan waje, Baba."

Ya ce, "A wannan iskar? Gidan nan ɗaki ɗaya ne da shi, ba shi da zaure, ba shi da tsakar gida. Zauna ki ci abincinki, 'yata. Wadda ta ƙirga mini numfashi a bakin titi ba za ta ci a tsaye ba."

Na zauna a bakin kujera, na juya gefe. Loma uku kawai na iya yi. Shi kuwa ya cinye nasa ya nemi ƙari, abin da bai yi ba tun zuwansa. Bayan nan muka naɗe tebur muka shimfiɗa masa gado. Ya kwanta, labulen atamfa yana motsi, 'yar tagar rufi a buɗe. Muka zauna a waje ni da maigidana muna jin sa ta ƙofa. Ya yi barci fiye da sa'a guda bai yi tari ko sau ɗaya ba. Maigidana ya tsinci tsakuwa yana juya ta a hannu, can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da na sayi baƙin akwatin nan fa?" Na ce, "Da ka sayi fenti." Muka yi dariya muna toshe baki kada mu tashe shi.

Daga ranar kusan kowane ƙarshen mako muna hanya. Muka je inda ake noman tuffa, muka je wani gari mai tsohuwar ganuwa, sau ɗaya har muka kwana biyu a wani sansani cikin duwatsun Wales, inda Baba ya yi hira da wani manomi rabin yini ina juya musu. Tarin bai tafi ba, akwai ranakun da ya hana mu fita. Amma ya yi ƙiba, ya fara sauka ƙasa shi kaɗai ya zauna a bakin ƙofa, har yaran layin suka koyi cewa "sannu".

Da wata shidan suka cika likita ya sallame shi ya koma gida. Ya rayu shekaru masu dama bayan nan, ya ga ƙannen amaryarsa biyu, shi ya yi musu huɗuba. Motar kuwa mun riƙe ta har muka gama karatu, sannan muka sayar wa wani ɗan Gana mai aikin gidan waya, wanda ke da tagwaye da mata mai son ganin gari. Ranar da ya zo ɗauka ruwa ake yi, tagwayen suka shige baya da takalmansu a jiƙe suna faɗa kan wanda zai zauna kusa da taga.